Sabon Zuwa, Nemi Masu Kallon Tsuntsaye na Unguwarku

Bayan an gama da takardu da haya da rajistar likita, abin da ya fi cin sabon zuwa a Ingila ko Amurka shi ne shirun unguwa. Ƙofofi a rufe, maƙwabci ya ɗaga maka hannu ya faɗa mota, sai ka share wata shida ba ka san sunan wanda kuka haɗa katanga da shi ba. Kada ka ɗauka ƙin ka suke yi. Su zumuncinsu a ƙungiyoyi yake, kuma wanda bai shiga ko ɗaya ba zai daɗe yana baƙo.

Rukunin gidaje da yawa suna da ƙungiyar mazauna. A Amurka ana kiran ta HOA, tana karɓar kuɗi tana kafa dokoki. A Ingila yawanci ta sa-kai ce. A gefenta ake samun ƙananan ƙungiyoyi: masu lambu, masu karatun littafi, masu tattaki, masu saƙa. Ka duba allon sanarwa na ɗakin taro ko na laburaren unguwa, ko ka leƙa Facebook da Nextdoor, manhajar maƙwabta. Cikinsu duka, wadda na fi so ka fara da ita ita ce ta masu kallon tsuntsaye.

Da sassafe suke fita, lokacin da kai ka riga ka tashi. A fili ake yi, ba a mashaya ba, saboda haka mace da yaro da dattijo kowa zai je hankali kwance. Ba a kuma bukatar dogon Turanci, tunda rabin tafiyar shiru ake yi. Ga wanda harshe ke yi wa nauyi wannan babbar rahama ce: ka tsaya kusa da mutum, ku zuba wa reshe ɗaya ido, ya raɗa maka suna, ka maimaita, an fara sabo ke nan. Da yawansu 'yan fansho ne da suka shekara talatin a unguwar. Su ne za su gaya maka mai gyaran famfo na kirki da motar bas da ta fi sauri.

Kada ka yi gaggawar sayen madubin hangen nesa. Ka ce kai sabo ne, da wuya a rasa mai ara maka. In ka tashi saye za ka ga an rubuta 8x42 a jiki: 8 ɗin yana nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wannan ya ishe ka. Dabarar riƙe shi ita ce ka kafa ido a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. In ka kalli hannunka, tsuntsun ya ɓace maka. Za ka kuma ji ana cewa "ƙarfe biyu" ko "ƙarfe tara". Itacen suke ɗauka kamar fuskar agogo, ƙolinsa sha biyu, damansa uku, don a nuna wuri ba tare da an miƙa hannu an firgita tsuntsu ba. Ka sa takalmin da ba ya shan ruwa da tufa mai duhun launi, ka kashe ƙarar waya.

A wayar ka sauke Merlin, manhajar kyauta ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell. Tana sauraron kuka ta faɗi mai yin sa. Takan yi kuskure, don haka ka tambayi na kusa da kai. Tambayar ma ita ce ribar fitar.

Abin nan tsohuwar al'ada ce a wurinsu. An kafa RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, a 1889, kuma tun 1979 take shirya ƙidayar tsuntsayen gida a ƙarshen Janairu. Awa ɗaya ce kawai, ko daga taga: ka rubuta adadi mafi yawa na kowane iri da ka gani a lokaci guda, waɗanda suka sauka kaɗai, ban da masu wucewa ta sama. A Amurka ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon na yin tata ƙidayar, wadda aka fara a 1900, daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu. Waɗannan ranaku sun faɗo a tsakiyar hunturu, sa'ad da rana ke faɗuwa a Landan kafin ƙarfe biyar na yamma, kewa ta danne mutum a ɗaki. Ina roƙonka kada ka bari su wuce ka. Ka fito, ka fito da yara.

In sanyi ya wuce kuma akwai abin da zai taɓa maka zuciya. Tsattsewar da ke isa Ingila a Afrilu da Mayu daga Afirka take, ta ƙetare Sahara da fikafikanta. Masu kallon sun san haka, suna kuma ɗokin jin yadda can ɗin yake. Sai ka ga an kewaye ka da tambaya, kai da kake zaton ba ka da abin cewa.

Akwai dokoki, kuma da gaske ake. A Birtaniya dokar 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita ko ɗaukar ƙwai. A Amurka dokar 1918 ta kare mafi yawan tsuntsayen ƙasar, har gashinsu ba a ajiyewa. Maganar danƙo ko tarko ma ba ta taso ba, ka ja wa yara kunne tun wuri. Ɗan tsuntsu mai cikakken gashi da ka gani a ƙasa ka bar shi, iyayensa na kusa. Madubinka kuma kada ya juya wajen tagar kowa ko filin wasan yara, musamman in kai kaɗai ne, domin maƙwabci na iya kiran 'yan sanda kafin ka yi bayani.

Kafin ka rataya wa tsuntsaye mazubin abinci a baranda, ka karanta yarjejeniyar haya da dokokin ƙungiyar mazauna. Wasu sun hana saboda ɓeraye. Inda aka yarda, ka riƙa wanke shi duk mako, don cuta na yaɗuwa ta wurinsa. In kuma kun ratsa doguwar ciyawa, ka duba ƙafafunka da na yara da kun dawo, saboda kaskar can tana ɗauke da cutar Lyme.

Bayan tattaki galibi akan zauna a sha wani abu mai ɗumi. Ka zauna ko na minti goma ne. A nan za a tambayi sunanka, a saka lambarka a rukunin saƙonsu, a gaya maka ranar fita ta gaba. In an nemi mai riƙe jerin tsuntsayen da aka gani, ka ɗaga hannu.