Yadda Ake Horon Kare Kai Daga Taron Dangi

Kusan duk wasan faɗa da muka sani, daga dambe da kokawa har zuwa karate da taikwando, an gina shi ne a kan mutum biyu da suka fuskanci juna a fili mai shara, da alƙali a tsakaninsu, da ƙa'idar da ke tsayar da wasa da zarar ɗaya ya faɗi. Masu tare mutane a hanya kuwa ba su san wannan tsari ba. Masu ƙwacen waya a Kano, da 'yan sara-suka a Bauchi da Jos, da 'yan kalare a Gombe, da 'yan shila a Yola, ba kasafai suke zuwa ɗaya-ɗaya ba, kuma sau da yawa akwai ƙarfe a jikin wani daga cikinsu. Saboda haka duk wanda zai yi horo domin irin wannan rana, dole ne ya fara da gyara manufarsa. Abin da ake koyo shi ne yadda za ka fita daga tsakiyarsu kana tsaye da ƙafafunka, ka isa inda jama'a suke. Ni dai ban yarda da malamin da ke yi wa ɗalibansa alkawarin kayar da mutum huɗu ba, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ɗalibin da ya tafi da wannan alkawari a ransa zai tsaya a wurin da ya kamata ya gudu.

Dalilin haka a bayyane yake. Idanunka biyu gaba suke kallo, hannuwanka biyu ne, su kuwa mutum 3 suna da hannu 6 kuma suna iya zuwa ta kowace kusurwa. Ga kuma batun numfashi: ƙarfin da jiki ke iya fitarwa gaba ɗaya a lokaci guda ba ya wuce kimanin daƙiƙa 10, daga nan sai ya fara raguwa, kuma kafin minti ɗaya ya cika hannuwa sun yi nauyi ko da mutum yana motsa jiki a kai a kai. Su suna iya karɓa-karɓa, kai ba ka da mai karɓar ka. Wannan ne ya sa kowane atisaye da zan bayyana a nan gajere ne, kuma kowanne yana ƙarewa da gudu zuwa wata mafita da aka ware tun kafin a fara.

Kafin ka shiga atisayen mutane da yawa, sai ka sami tushe a wasan da ake gwabzawa da gaske, wanda abokin karawa ke ƙoƙarin hana ka abin da kake so. Dambe, na gargajiya ko na zamani, yana koya wa mutum auna tazara da sarrafa ƙafa, yana kuma cire masa firgicin naushin farko, wanda shi ne ke daskarar da yawancin mutane. Kokawa tana ba da abin da ya fi wannan daraja a wurin rubdugu, wato ƙin faɗuwa. Ɗan kokawar da ya taso a Nijar, inda ake gasar kokawa ta takobin ƙasa tun 1975, ya shafe shekaru yana koyon abu guda: kada a kai shi ƙasa, kuma kada riƙon wani ya zauna a jikinsa. Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, yana koyar da wannan tare da yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba. Taikwando wasa ne mai kyau, kuma lambar azurfar da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar a Rio a 2016 abin alfahari ce, amma haurin sama da ke kawo maki a gasa yana barin mutum a kan ƙafa ɗaya, kuma a lungu mai kwata da duwatsu wannan kasada ce da ban ba kowa shawarar yi ba. Akwai kuma Krav Maga, wanda asalinsa ma daga taron dangi ya fito: wanda ya kafa shi, Imi Lichtenfeld, ɗan dambe ne kuma ɗan kokawa a birnin Bratislava da ke ƙasar Slovakia ta yanzu, kuma a shekarun 1930 da gungun 'yan ta'adda ke kai hari unguwar Yahudawa, ya gane cewa abin da ya koya a fagen gasa bai wadatar a titi ba. Sunan wasa ba shi ne ma'auni ba. Ka je ka kalli darasi ɗaya, in ka ga masu kai harin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna jiran a jefar da su, ka nemi wani wuri. Wata 6 na horo sau 3 a mako shi ne mafi ƙarancin abin da nake so ɗalibi ya yi kafin a sa shi a gaban mutum biyu.

Babbar dabarar wannan fanni duka ita ce jera maharan a layi. Ma'anarta ita ce ka riƙa matsawa ta yadda ɗaya daga cikinsu zai kasance tsakaninka da sauran, har ya zama bangon da ke tare 'yan'uwansa. Idan mutum 3 suka fuskanto ka a jere, kada ka tsaya a gaban na tsakiya, kuma kada ka bi ta tsakanin biyu. Ka zaɓi na gefe, wanda ya fi kusa da mafitarka, ka zagaya ta wajensa, ta yadda na biyu da na uku sai sun kewaye shi kafin su iso gare ka. Layin ba ya daɗewa, domin su ma motsi suke yi, don haka kana gyara shi ne a kowane taku. Ja da baya kai tsaye kuskure ne, saboda mai tafiya gaba ya fi mai ja da baya sauri, kuma ba ka ganin abin da za ka yi tuntuɓe da shi. Taku na gefe ake yi, gajere-gajere, ba tare da harɗe ƙafafu ba.

Atisayen farko ba shi da naushi ko kaɗan. Ku shata fili mai faɗin mita 5 da tsawon mita 5, ku ajiye takalmi ko jarka a kusurwa ɗaya a matsayin ƙofa. Abokai biyu su shigo suna tafiya, ba gudu ba, burinsu kawai su taɓa bayanka ko su taɓa ka su biyu a lokaci guda. Kai kuma ka kare kanka da taku da turi na daƙiƙa 20, sai mai riƙe da agogo ya yi tafi, ka nufi ƙofa da gudu. Idan ka yi mako biyu ana kasa taɓa bayanka, a ƙara sauri, daga baya a ƙara mutum na uku, daga baya kuma a riƙa sauya wurin ƙofar ba tare da an faɗa maka ba, domin idonka ya saba da nemanta yayin da hannunka ke aiki.

Na taɓa ganin wani matashi ɗan dambe mai hannu kamar guduma ya shiga wannan atisaye a karon farko. Yana ganin na farko ya matso, sai ya dasa ƙafa, ya miƙa hannun garkuwa, ya ja na mashi baya kamar yadda ya saba a fage. Tsayuwar tana da kyau ƙwarai, amma kafin a ƙirga huɗu wani siririn yaro ya rungumo shi ta baya, na farkon kuma ya kama ƙafarsa. Ya tashi yana haki, ya ce, "Malam, wallahi ban ma gan shi ba." Gaskiya ya faɗa. Idan tsoro ko fushi ya taso, sinadarin adiranalin yana ƙuntata gani, sai mutum ya zura wa abu ɗaya ido ya manta da gefe. Maganinsa shi ne a mayar da waiwaye al'ada: bayan kowane turi ko bugu, ka juya kai hagu da dama kafin ka sake wani abu, har sai jikinka ya riƙa yi ba tare da ka tuna ba.

Idan ƙafa ta zauna, sai a shigo da bugu, kuma a nan ƙa'idar ita ce kaɗan da sauri. Bugu ɗaya ko biyu, sai ka matsa. Gindin tafin hannu ya fi dunƙule aminci, domin ƙananan ƙasusuwan hannu suna karyewa idan suka haɗu da goshi, kuma karyayyen hannu ba ya buɗe ƙofa ko haura katanga. Gwiwar hannu tana aiki idan an matse ka. Shuri kuwa kada ya wuce ƙauri ko gwiwa. Turi mai ƙarfi a ƙirji ko kafaɗa, wanda zai hankaɗa ɗaya a kan ɗan'uwansa, sau da yawa ya fi naushi amfani, domin yana tsayar da mutum biyu lokaci guda. Kada ka riƙe kowa fiye da ƙiftawar ido, saboda wanda ka riƙe shi ma ya riƙe ka. A atisaye na biyu abokanka su ɗauki matasai, wato filon atisayen bugu, su riƙa matse ka da su, kai kuma haɓarka a ƙasa, hannuwanka kusa da kai, kana bugu biyu kana ficewa ta gefe. Kowa ya sa robar kare haƙora, kuma a tsaya a rabin ƙarfi. Duk wanda aka bugi kansa har ya ga jiri, horonsa na ranar ya ƙare, kuma ba zai koma gwabzawa ba sai likita ya duba shi.

Ƙasa ita ce wurin da ake rasa rai a rubdugu, domin wanda ke kwance kansa yana daidai da takalman mutane. Shi ya sa dabarun shaƙewa da murɗe gaɓa a kwance, duk da amfaninsu a karon mutum biyu, ba su da wuri a nan. Abin da za ka koya shi ne tashi. Idan ka faɗi, ka dunƙule haɓa a ƙirji, ka kare kai da damatsa, ka juya ƙafafunka su fuskanci wanda ya fi kusa. Sannan ka dafa ƙasa da hannu ɗaya ta baya, ka kafa tafin ƙafar ɗaya ɓangaren, ka ɗaga ƙugu, ka janye ɗaya ƙafar baya ta ƙarƙashinka, ka miƙe kana nesa da shi, ɗaya hannun yana gaban fuska. Ka maimaita wannan sau 20 a kowane ɓangare a duk ranar horo, da farko a kan tabarma ko yashi, daga baya abokai suna dukan ka da matasai yayin da kake ƙoƙarin tashi.

Gudu kansa sai an koye shi. Sassarfar safe tana gyara lafiya, amma abin da ake buƙata a nan shi ne fizga: mita 50 zuwa 100 da iya ƙarfinka, ka huta minti ɗaya, ka sake, har sau 6 ko 8. Mafi amfani shi ne ka yi shi nan da nan bayan daƙiƙa 20 na dukan buhun yashi, domin haka zai zo maka a zahiri. Wani lokaci ka yi atisayen cikin kayan da kake fita da su. Mai doguwar riga zai gane cewa sai ya tattare ta, mai silifas zai gane cewa gara ya watsar da su, mace mai zani da hijabi za ta gane inda ake iya kama ta da yadda za ta ɗaura zanin da zai bar ƙafa ta buɗe.

Batun wuƙa yana buƙatar magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A 1983 wani jami'in 'yan sanda a Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mai riƙe da wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato sama da mita 6, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ku gwada da kanku: a ba wa abokinka gawayi ko alli a madadin wuƙa, ka sa tsohuwar riga, ya kai maka hari da gaske na daƙiƙa 10, sannan ka ƙirga zanen da ke jikin rigar. Ban taɓa ganin wanda ya fito da riga fes ba. Saboda haka idan abin da suke so waya ce ko kuɗi ko babur, ka ba su, ko ka jefa wayar gefe ɗaya ka gudu ta ɗaya gefen. Ana tsayawa a yi faɗa ne kawai idan babu mafita, ko suna neman tafiya da kai wani wuri, ko kana tare da wanda ba zai iya gudu ba. A wannan hali duk abin da zai ƙara tazara abokinka ne, ko benci ne, ko jaka, ko mota da ke ajiye da za ka riƙa kewayawa.

Ku riƙa yin atisayen abin da ke faruwa kafin hannu ya taɓa jiki. Yawanci ɗaya ne ke tsayawa a gabanka yana magana, yana tambayar lokaci ko hanya, wani kuma yana lallaɓawa ta gefe shiru, kuma wannan na biyun shi ne abin lura. Ka ɗaga hannuwa a buɗe daidai ƙirji kamar mai ba da haƙuri, ka ce "Ku yi haƙuri, sauri nake yi" ba tare da ka tsaya ba, kana matsawa ta yadda dukansu za su kasance a gabanka. Ihu ma sai an saba da shi, domin murya tana maƙalewa a lokacin firgici, don haka a sa shi cikin kowane atisaye: "Jama'a ku kawo ɗauki!" da iya ƙarfin murya, kana nufar haske, ko teburin mai shayi, ko masallaci, ko majalisar matasa.

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata domin kare kai daga farmaki na zalunci, amma iyakarsa buƙatar ce, don haka wanda ya sami hanyar fita sannan ya dawo da gora ko ya tara abokai a bi su, ya fita daga wannan kariya. Da zarar ka isa wurin aminci, ka cire riga ka shafa jikinka ko'ina, musamman baya da haƙarƙari da hammata, domin sukar wuƙa sau da yawa kamar naushi ake jin ta. Idan akwai jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, a kira 112 ko a nufi asibiti mafi kusa, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda. Wanda aka buga a kai kuma, ko da ya tashi yana magana lafiya, kada a bar shi shi kaɗai a daren nan, kuma idan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewar magana, a koma da shi asibiti nan take.