Yadda ake zaman farko na Das Schwarze Auge, wasan labari na Jamusawa

Ka ɗauka ana tatsuniya, sai mai bayarwa ya kai inda Gizo ya tsaya a bakin rijiya, ya dubi ɗaya daga cikin masu saurare ya ce: "To, kai ne Gizo. Me za ka yi?" Wannan shi ne tushen wasan da Jamusawa ke kira Das Schwarze Auge, wato Baƙin Ido, ko DSA a taƙaice. Mutum ɗaya ke riƙe da labarin, sauran kowa na da jaruminsa, in aka zo inda ba a san yadda abu zai ƙare ba sai a jefa dayis ya raba gardama. Ba allo, ba kuɗin da ake zubawa, ba wanda ke cinye wani.

Wasan ya fito a 1984. Wanda ya tsara shi, Ulrich Kiesow, shi ne ya fassara wasan Amurkawa na Dungeons & Dragons zuwa Jamusanci shekara guda kafin nan. Kamfanin Schmidt Spiele ya so sayar da irin wannan wasa, ciniki da Amurkawan bai faɗa ba, sai aka ce Kiesow da abokan aikinsa, Werner Fuchs da Hans Joachim Alpers, su ƙirƙiro na gida. Da yake Schmidt na da hanyar kai kaya manyan kantuna, sai wasan ya shiga gidaje da yawa, ya zama shi ne Jamusawa suka fi sani a wannan fanni. Kiesow ya rasu a 1997, shekarar da Schmidt ya karye. Kamfanin Fantasy Productions ya ci gaba da buga shi, daga 2007 kuma ya koma hannun Ulisses Spiele. Bugu na 5 ya fito a 2015, kuma da dokokinsa zan yi bayani.

Mataki na farko: tara mutane da kaya

Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ɗaya zai zama Meister, jagoran wasa ke nan, sauran su riƙe jarumai. Kuna buƙatar takarda, fensir, dayis mai fuska 6 irin na ludo, da dayis uku masu fuska 20. Waɗannan na ƙarshen ne ke wuyar samu a kantin unguwa, amma akwai manhajojin waya na kyauta da ke jefa su. Wanda bai jin Jamusanci ya nemi fassarar Ingilishi mai suna The Dark Eye, wadda ta bugu na 5 ta fito a 2016. Kada ku fara da babban littafin dokoki, shafukansa sun kai ɗaruruwa. Kamfanin Ulisses na raba ɗan taƙaitaccen littafin farawa kyauta a intanet, da jarumai shiryayyu a ciki. Shi za ku sauke.

Mataki na biyu: jagora ya san ƙasar, amma kaɗan

Nahiyar da komai ke faruwa sunanta Aventurien, a wata duniyar ƙage mai suna Dere. Ba ta da girma sosai: kimanin mil 3,000 nasu daga arewa zuwa kudu, 2,000 daga gabas zuwa yamma. A cikin wannan ɗan fili aka cusa kusan kowane irin zamani. A tsakiya akwai daular Mittelreich mai hedikwata a Gareth, ƙasar barade da sarakunan gargajiya irin na tsohuwar Jamus. A kudu maso yamma akwai Horasreich, masu ado da ilmi da makirci. Arewa maso yamma mutanen Thorwal ne, matuƙa jiragen ruwa masu kai hari. Can kudu birnin Al'Anfa ya yi arziki da cinikin bayi. Akwai hamadar Khôm inda ƙabilar Novadi ke bauta wa abin bauta guda da suke kira Rastullah. Mai karatu ba zai sha wuyar gane daga inda marubutan suka kwaikwayo su ba, kuma hoton da Baturen shekarun 1980 ya zana na mutanen sahara ne, da duk gurguncinsa.

Yawancin mutanen nahiyar na bin gumaka goma sha biyu na ƙage: Praios na rana da shari'a, Rondra ta yaƙi, Peraine ta noma da magani, Phex na 'yan kasuwa da ɓarayi (haɗin da ya kan ba ni dariya), Boron na mutuwa, da sauransu. Watannin shekara ma sunayensu suke ɗauka, kowane wata kwana 30, sai kwana 5 da suka rage waɗanda ake tsoro, domin na wani mugun abu ne da ba a ambaton sunansa. Duk wannan adon labari ne kamar Dodo a tatsuniya, kuma zaman farko na iya wucewa ba tare da an taɓo shi ba.

Abin da ya bambanta wannan wasa shi ne tarihin ƙasar ba ya tsayawa. Tun 1985 ake buga wata mujalla, Aventurischer Bote, wadda aka rubuta kamar jaridar cikin ƙasar: an naɗa wane, an ci garin wane, sarki Hal na Mittelreich ya ɓace ba a san inda ya shiga ba. A shekarun 1990 aka yi dogon labarin dawowar matsafi Borbarad, wanda ya canza taswirar gabashin nahiyar. Shekara arba'in na irin wannan sun taru. A nan sabon jagora ke nutsewa, yana jin sai ya haddace duka kafin ya buɗe baki. Ba haka ba ne. Zaɓi ƙauye ɗaya a bakin daji, misali a Andergast, ƙaramar masarautar da ta shafe ƙarnuka tana rigima da maƙwabciyarta Nostria. Masauƙi ɗaya, dagaci ɗaya, maƙeri ɗaya, matsala ɗaya. Labarin farko da aka buga wa wasan a 1984 ma a masauƙi ya fara.

Mataki na uku: kowa ya karanta takardar jaruminsa

Jarumi na iya zama mutum, ko Elf mai dogayen kunnuwa, ko Zwerg, gajeren mutumin duwatsu gwanin ƙira. Yana da al'adar da ya taso a ciki da sana'a: mayaƙi, mafarauci, mai sihiri, ɗan kasuwa, har mai gasa burodi in kana so. A saman takardar akwai siffofi takwas, kowace da lamba, galibi tsakanin 8 da 14 ga sabon jarumi: ƙarfin zuciya, basira, hasashe, kwarjini, gwanintar yatsu, zafin nama, juriya, da ƙarfin jiki. A bugu na farko biyar ne kawai. Ƙasa da su akwai jerin ƙwarewa, kamar hawa, iyo, lallashi, bin sawu, kowace da makinta da kuma siffofi uku da aka rubuta a gefenta.

Ƙera jarumi daga tushe aiki ne na sayayya: jarumi mai matsakaicin gogewa ana ba shi maki 1,100 ya sayi duk abin da zai zama. Yana iya cinye yamma guda. Ku bar shi sai zama na uku ko na huɗu, lokacin da kowa ya san abin da ke da amfani.

Mataki na huɗu: koyi jifa uku

In ka iya wannan, ka iya wasan. Duk lokacin da jarumi zai gwada abin da zai iya faɗuwa, ana jefa dayis mai fuska 20 sau uku, jifa ɗaya ga kowace siffa daga ukun da ke gefen ƙwarewar. Ana so kowace jifa ta zo daidai da lambar siffar ko ƙasa da ita. Ƙaramar lamba ita ce sa'a a nan, saɓanin ludo da kowa ke roƙon shida. In jifa ta haura, sai a biya rarar daga makin ƙwarewa. Makin ƙwarewa guzuri ne: ana ci daga ciki har jifa ta uku, in bai ƙare ya bar ka da bashi ba, ka yi nasara.

Bari mu ɗauki Alrik, sunan da ya fi kowane yawa a Aventurien har 'yan wasa na tsokana da shi. Zai haura katangar gidan wani attajiri. Hawa na dogara da ƙarfin zuciya, zafin nama da ƙarfin jiki. Nasa 13, 12 da 14 ne, ƙwarewarsa ta hawa kuwa 6. Ya jefa 9, 15, 16. Ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ta haura 12 da uku, guzuri ya koma 3. Ta uku ta haura 14 da biyu, saura 1. Alrik ya hau, da ƙyar.

Ragowar makin ita ke faɗin kyawun aikin. Daga 0 zuwa 3 daraja ta 1 ce, 4 zuwa 6 ta 2, 7 zuwa 9 ta 3, haka ake hawa uku-uku har daraja ta 6 ga wanda ya rage 16 ko fiye. Jagora nagari ba ya cewa "ka yi nasara" ya yi shiru. Da daraja ta 1 sai ya ce Alrik ya kai sama yana haki, gwiwar wandonsa ta yage, wani dutse ya gangara ƙasa, kare ya ɗaga kunne. Da daraja ta 4 kuwa ya haye kamar kyanwa.

In aikin ya fi na kullum wuya, jagora na rage siffofin uku duka. A ce an yi ruwa, katangar na santsi, ya rage 2. Lambobin Alrik sun koma 11, 10, 12. Jifa iri ɗaya yanzu za ta ci biyar a ta biyu, huɗu a ta uku, tara ke nan, guzurinsa kuwa shida. Ya faɗo. Ka lura yadda ragin 2 kacal ya juya lamarin, domin sau uku yake cizo. Sabbin jagorori kan yi wa 'yan wasa ragin 4 ko 5 suna ganin abu kaɗan ne, sai a wayi gari ba wanda ke iya tsallake ko kwata.

Abu biyu suka rage. In 1 ta fito sau biyu a jifa ukun, nasara ce ta ban mamaki ko mene ne lissafin. In 20 ta fito sau biyu, ɓarna ce, Jamusawa na ce mata Patzer, kuma a nan ake samun labaran da za a yi shekara ana tunawa. Sannan kowane jarumi na farawa da makin ƙaddara guda uku, wanda zai iya kashe ɗaya ya sake jifar da ba ta yi masa daɗi ba.

Masu sukar wasan na cewa jifa uku ɓata lokaci ne, tunda wasu wasannin da jifa ɗaya suke gamawa. Suna da gaskiya in jagora ya sa a jefa dayis don buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Amma tsarin na nuna maka inda jarumi ya gaza, ko zuciyarsa ce ta karaya ko hannunsa ne ya saki, kuma wannan abinci ne ga mai ba da labari. Sihiri ma da wannan jifa ukun ake yin sa, sai dai kowane siddabaru na cin wani maki na daban da ke ƙarewa, ya kuma dawo a hankali da hutu.

Mataki na biyar: faɗa

Nan jifa ɗaya ce. Mai kai sara ya jefa dayis mai fuska 20, in ya zo daidai ko ƙasa da lambar harinsa, saran ya tafi. Wanda aka kai wa shi ma ya jefa, ko ya tare da makami ko garkuwa, ko ya goce. In bai tsira ba sai a lissafa rauni: dogon takobi na yin dayis mai fuska 6 a ƙara 4, a cire kariyar sulke. An jefa 3, ya zama 7, sulken sarƙa ya tare 4, mutum ya rasa maki 3 na rai. Ɗan Adam mai juriya 13 na da maki 31. Tun kafin su ƙare ciwo ke fara rage masa lambobi, saboda haka wanda ya sha sara biyu uku ba ya faɗa kamar lafiyayye. Faɗa ɗaya ya isa a zaman farko, da kyarkeci biyu ko 'yan fashi uku.

Mataki na shida: ku zauna

Ware awa uku. Jagora ya buɗe da wuri da matsala: dare ya yi, kuna masauƙin ƙauye, matar maƙeri ta shigo tana kuka, ɗanta ya tafi kiwon aladu a dajin tun safe bai dawo ba. Daga nan ya yi tambayar nan, me za ku yi, ya kuma jure shirun da zai biyo baya. Wani zai ce zai tambayi dagaci, wata ta ce za ta duba sawu a bakin rafi, wani kuma ya tsaya cinikin lada. Duk daidai ne. In aka manta wata doka, jagora ya yanke hukunci nan take, a duba littafi bayan an tashi.

A ƙarshen zaman jagora ya raba makin gogewa, kowa ya ɗan ƙara ƙwarewar da ya ga ta ba shi kunya. A rubuta sunan ƙauyen, da na dagacin, da wanda jaruman suka ɓata wa rai, domin mako mai zuwa daga nan za a ɗora. Shi kuwa Baƙin Idon da wasan ya ci sunansa, wani dunƙulen dutse ne na sihiri da ake hango nesa da abin da ya wuce a cikinsa, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru suna wasan jarumansu ba su taɓa cin karo da ko ɗaya ba.