Yadda ake shirya wa intabiyun aikin nazarin zuba jari a asusun fansho

Duk shekara Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye ɗaliban da suka karanta akanta, tattalin arziki, lissafi da ƙididdiga. Galibinsu banki suke hange, ko aikin gwamnati. Ƙalilan ne ke waiwayar ɓangaren fansho, alhali dukiyar da ke cikinsa ta haura naira tiriliyan 20 tun 2024, kuma dole wasu su zauna su yanke inda za a zuba ta. Mai nazarin zuba jari shi ke yi musu bincike kafin su yanke, ɗan koyon aiki kuma ya taya shi tattara alƙaluma. Idan an kira ka intabiyu a ɗaya daga cikin guraben nan biyu, ko an kira ki, ga yadda za a bi.

Fara sanin wa ya kira ka

Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta raba aikin gida uku. PenCom ce hukumar gwamnati mai sa ido da kafa ƙa'ida. Kamfanonin PFA su ke juya kuɗin. Kamfanonin PFC kuma su ke ajiyar dukiyar, ta yadda mai juyawa ba ya riƙe kuɗin a hannunsa. A cikin PFA akwai waɗanda aka kafa don ma'aikatan hukuma, kamar NPF Pensions na 'yan sanda da NUPEMCO na ma'aikatan jami'o'i. Wasu jihohi, irin su Jigawa da Kano, suna da nasu tsarin na karo-karo da hukumar da ke kula da shi. PTAD daban take: biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari ne aikinta.

Ka karanta takardar gayyatar da kyau. Sashen zuba jari a hedikwata yake, Abuja ko Legas. Rassan da ke nan Sakkwato yawanci aikinsu rajistar ma'aikata da sauraron koke da neman sababbin kwastomomi. Aiki ne mai kyau, amma ba shi ne nazarin jari ba, kuma tambayoyinsu ba iri ɗaya ba ne. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗi ya saya maka gurbi, ka toshe lambarsa kawai.

Ka haddace ƙashin bayan tsarin

Wannan karatun mako guda ne, ba na dare ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarƙashin dokar 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, su shiga asusun ajiyar ritaya, wato RSA, mai sunan ma'aikacin. Tun Yulin 2018 aka karkasa kuɗin bisa shekarun masu shi. Asusu na 1 na masu ƙarancin shekaru ne da suka nemi a yi musu kasada don riba mai tsoka. Na 2 shi ne inda ake sa duk wanda bai kai 50 ba idan bai zaɓa ba. Na 3 na masu 50 zuwa sama ne, na 4 na waɗanda suka yi ritaya. Na 5 ya zo a 2019 don masu sana'ar kansu, na 6 kuma a 2021, wanda ba ya taɓa kuɗin ruwa.

Haddar jerin ba ta isa ba, dalilin ake so ka faɗa. A ƙa'idar da aka fara da ita, Asusu na 1 na iya zuba har kashi 75 a kadarorin da darajarsu ke hawa da sauka, kamar hannun jari, na 4 kuwa kashi 10 kacal. Matashi mai shekara 28 idan kasuwa ta faɗi yana da shekaru da dama da za ta farfaɗo masa. Dattijon da ke jiran kuɗin wata don cefane da magani ba shi da wannan sararin. PenCom kan sabunta iyakokin nan, don haka ka sauko da ƙa'idar zuba jari ta baya-bayan nan daga shafinta, haɗe da rahoton wata-wata da ke nuna inda kuɗin yake. A nan za ka ga da idonka cewa fiye da rabinsa yana cikin takardun bashin gwamnatin tarayya.

Lissafin da ba ya wuce ka

A nan ne ake tankaɗe da rairaya, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Na farko, alaƙar kuɗin ruwa da farashin takardar lamuni, wato takardar bashi irin ta gwamnati. Ka ɗauka asusu na riƙe da takardar da za ta biya naira 112,000 nan da shekara guda, wadda aka saya 100,000 lokacin da kasuwa ke ba da kashi 12. Washegari kasuwa ta koma ba da kashi 18. Wa zai saye ta 100,000? Ba kowa. Sai ka raba 112,000 da 1.18, ka sami kusan 94,900. Ruwa ya hau, farashi ya sauka. Idan wa'adin takardar shekara 10 ne ko 20, faɗuwar ta fi haka muni sosai. Ka iya bayyana wannan da baki, ba tare da kwamfuta ba, cikin minti ɗaya.

Na biyu, riba ta gaskiya. Asusu ya ci kashi 20 a shekarar da farashin kaya ya hau da kashi 30: an ci riba ko an faɗi? Raba 1.20 da 1.30, ka sami 0.923, wato ƙarfin sayen kuɗin ya ragu da kusan kashi 8. Kamar manomi ne da ya zuba gero a rumbu, ya buɗe da bazara ya tarar da dammunan sun cika lissafi amma ƙwari sun cinye cikinsu. Kuma ba tatsuniya ba ce: a Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, yayin da Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa 27.5. A ganina wannan ce babbar tambayar ɓangaren gaba ɗaya. Takardun gwamnati ba sa cin amanar biya a naira, amma ba su da garkuwa daga tsadar rayuwa. Hannun jari da gine-gine da ayyukan raya ƙasa na iya kamo hauhawar, amma suna iya faɗuwa, wasu kuma ba a sayar da su cikin gaggawa. Wanda ya iya auna waɗannan biyun a gaban kwamiti, bai zaƙe ta ɓangare ɗaya ba, ya nuna ya san kuɗin wa ake magana a kai. Ka kuma duba alƙaluman satin da za ka shiga, don na bara ba za su wadatar ba.

Sai Excel. Ka saba da lissafin NPV (darajar ribar gaba a kuɗin yau) da IRR (kashin ribar da jari ke bayarwa), da haɗa tebura biyu, da zana jadawali mai tsafta. Sau da yawa akan ba da gwaji na ɗan lokaci kafin a kai ga ganawa.

Ka zo da kamfani ɗaya a aljihu

Mai neman gurbin nazari kusan ba ya tsallake wannan: wane hannun jari za ka ba mu shawara mu saya, kuma don me? Kai ɗan Sakkwato kana da abin da ɗan Legas ba shi da shi. Masana'antar siminti ta Kalambaina tana bayan gari. Tsohon kamfanin simintin Arewa ne, wato CCNN, wanda ya narke cikin BUA Cement, aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Najeriya a Janairun 2020. Ka sauko da rahotonsa na shekara, ka duba cinikinsa, bashin da ke kansa, kuɗin makamashi, da yadda faɗuwar naira ke shafar abin da yake sayowa daga waje. Ka gwada shi da Dangote Cement da Lafarge Africa. Sannan ka je wurin dillalan siminti ka tambayi yadda buhu ke tafiya da rani da damina. Ba cewa nake a saya ko kada a saya ba. Abin nema shi ne ka yanke hukunci, ka kawo hujja, ka kuma faɗi abin da zai sa ka sauya ra'ayi. Ɗan koyon aiki, ko ɗalibi mai horon SIWES ko mai bautar ƙasa, ba a sa ran ya kai nan, amma idan ya zo da shafi ɗaya na irin wannan nazari ya fita daban.

Maganar kuɗin ruwa

Ba za mu yi kamar babu ita ba. Mafi yawan asusun na hulɗa da kuɗin ruwa, kuma da yawa a cikinmu hakan na damunsu. Ka warware wannan da malaminka tun kafin ka nema, ba a ɗakin intabiyu ba. Abin da za ka shiga da shi shi ne ilimi: gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardar jari ta tsarin Musulunci, a 2017, na naira biliyan 100, ta hannun Ofishin Kula da Basussuka, don gina hanyoyi, bisa tsarin ijara, inda mai jari ke karɓar kuɗin haya maimakon ruwa. Asusu na 6 na buƙatar masu fahimtar irin waɗannan kadarori da yadda ake tace kamfanonin da suka dace da shari'a. Idan nan ka fi so, ka faɗa kai tsaye cikin ladabi.

Tambayar amana

Za a gwada halinka. Dillali ya aiko maka da goron sallah mai nauyi, ya za ka yi? Kawunka ya ji kana aiki a can ya ce ka raɗa masa abin da za ku saya gobe, fa? Amsar gajera ce: ba ka karɓa, ba ka faɗa, kuma kana sanar da sashen bin ƙa'ida. Ɓangaren bai manta da shari'ar Abdulrasheed Maina ba, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021 kan kuɗin fansho. Tsohon tsari abin ya shafa, amma har yau tsofaffinmu na ɗari-ɗari da duk mai taɓa kuɗinsu.

Ranar kanta

Da Turanci za a yi, don haka ka samu aboki ya riƙa jefa maka tambayoyi kana amsawa da ƙarfi. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya abin yabo ce a zaure, amma kwamiti na iya ɗaukarta rashin tabbas. Ka gaishe su, ka ɗaga kai, ka buɗe murya. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka binciko shi.

Idan ta Zoom ko Teams ce, kada ka dogara da wutar gari: caji cikakke, layi biyu na data, ɗaki mai haske, a kuma gaya wa yaran gida. Idan Abuja ce, ka isa kwana guda kafin ranar, ko ta mota ko ta filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III, da takardunka na asali da kwafinsu.

Da suka ce ko kana da tambaya, kada ka fara da albashi. Tambayi yadda shawarar mai nazari ke kaiwa ga kwamitin zuba jari, da ma'aunin da suke gwada ribar kowane asusu da shi, da ko suna tallafa wa ma'aikaci mai jarrabawar ƙwarewa ta CFA (nazarin jari) ko ICAN (akanta). Ɗan koyon aiki ya ƙara da tambayar wa zai riƙa duba aikinsa, da ko ana riƙe wasu bayan wa'adi ya cika.