Yadda za ka karɓi haƙƙinka a shago ba tare da ka tara wa kanka jama'a ba

Kowa ya san abin nan. Ka shiga shago da kuɗinka, ka tsaya gaban kanta, wadda ke wurin tana ta latsa waya ko ɗago kai ba ta yi ba, ka yi sallama ta ce "ina zuwa" alhali ba inda za ta je. Ko ka sayi abu ka kai gida ya ƙi aiki, ka dawo da shi a nuna maka wata 'yar takarda da aka liƙa a bango wai kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Daga nan sai jijiyar wuya ta tashi, mutane su taru suna ba ka haƙuri, ka fita ba kuɗi ba kaya mai kyau.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, wanda kake wa masifar nan sau da yawa ba shi da ikon gyara maka komai. A manyan shaguna kashiya ba ta iya mayar da kuɗi ko sauya farashi a kwamfutar sai wani na sama da ita ya zo ya sa lambarsa ko katinsa. To aikinka shi ne ka kai maganar gaban mai wannan lambar, da shaida a hannunka.

Mataki na farko tun kafin ka biya ne

Ka tambaya a fili, in abin nan ya ba da matsala kwana nawa nake da shi na dawo da shi, kuma kuɗi ake mayarwa ko canji kawai ake yi? In kayan wuta ne a jona a gabanka, a buɗe kwali ka ƙirga abin da ke ciki, caja, waya, rimot, takardar garanti. Kar ka ji kunyar layin da ke bayanka, minti biyu ne.

Idonka kuma ya kasance a kan sikirin lokacin da ake haska kaya. Farashin da aka rubuta inda aka jera kaya daban, wanda ke cikin kwamfuta daban, musamman in an yi rangwame an manta ba a cire takardar ba bayan ya ƙare. In ka ga abu ya yi arha da yawa ka ɗauki hoton farashin tun a can.

Sai rasit. Dan Allah ka ɗauki hotonsa tun kana tsaye a wurin. Irin takardar nan mai santsi da injin ke fitarwa ba tawada ba ce a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa in ka bar ta a aljihu ko a gaban mota rana ta buge ta, bayan 'yan watanni sai ka ciro farar takarda fes, ba kwanan wata ba lamba ba komai, kuma daidai lokacin ne firjin zai fara wani irin ƙara.

Na biyu, ka san wace irin matsala ce ka kawo

Nan ne mutane ke haɗa abubuwa wuri ɗaya. Kaya ya lalace ko ba shi ne abin da aka ce maka ba, wannan magana ɗaya ce. Ka kai gida ka ga launin bai yi maka ba, wannan wata magana ce daban. A ƙasashe da yawa doka na bayanka a ta farko, a ta biyu kuwa alfarma kake nema sai dai in shagon da kansa ya yi alƙawarin karɓa.

Misali a Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai aibu a ba shi kuɗinsa cif, kuma in aibin ya fito cikin wata 6 na farko, mai shago ne zai kawo hujjar cewa lafiya lau ya sayar. A Tarayyar Turai garantin da doka ta tilasta aƙalla shekara 2 ne. Amma kwana 14 ɗin nan da ake yawan faɗa wai kana iya fasa ciniki ba dalili, na sayayyar intanet ne da makamantanta, bai shafi wanda ya shiga shago ya taɓa kaya da hannunsa ba. Kowace ƙasa da nata tsarin, ka nemi na inda kake ka karanta ko da shafi ɗaya ne. A wuraren da ke da irin wannan doka, takardar bangon can ba ta isa ta goge haƙƙinka a kan kaya mara kyau ba.

In kuwa rashin kunya ce zalla aka yi maka ba kuɗinka da ya maƙale, ka auna ko ta kai ka ɓata yammacinka. Wani lokacin ajiye kwandon ka fita ya fi.

Na uku, ka yanke abin da kake so

Kuɗi, canji, ko gyara. Ɗaya za ka zaɓa kafin ka buɗe baki. Mai cewa "ni dai a san yadda za a yi da ni" shi ake bai wa mafi arha.

Na huɗu, magana da na kanta

A taƙaice, murya ƙasa. Kamar haka: "Sannu da aiki ƙanwata. Na sayi wannan ranar Talata, ga rasit, ba ya kamawa. Canji nake so. Ke za ki iya yi min ko sai an kira wani?"

Tambayar ƙarshen nan ita ce maganin. Ka ba ta ƙofar fita ba tare da ka nuna ba ta isa ba, kuma yawanci da kanta za ta je ta kira wanda ya dace. Amma in ka fara da "kin san ko ni waye" wallahi ka gama da kanka, za ta ce manaja ba ya nan, kuma ba yadda za ka yi ka tabbatar yana nan. Ka tuna ita ma tun safe take tsaye, wataƙila kai ne na ashirin da ya zo da fuska a murtuke. Wannan ba uzuri ba ne na wulaƙanta mutane, amma sanin hakan zai sa ka zaɓi kalmomin da za su yi maka aiki.

Lokaci ma na da tasiri. Kar ka je ana dab da rufewa ko lokacin da layi ya kai ƙofa, ka je da hantsi a ranar aiki.

Na biyar, gaban manaja

Kar ka ba shi tarihi tun daga fitowarka gida. Abin da ka saya, yaushe, me ya faru, me kake so. Sannan ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana. In ya ce "ka je wurin kamfanin da ya ƙera", ka ce "ranka ya daɗe ai a hannunku na saya, ku na bai wa kuɗi." In ya ce tsarinsu ne, ka ce a nuna maka a rubuce. In ya ce a bar kayan za a duba, kar ka kuskura ka tafi hannu biyu, a rubuta maka takarda mai kwanan wata da lambar jikin kayan da ranar da za ka dawo, ka kuma tambayi sunansa ka rubuta a gabansa. Abin mamaki, da mutum ya ga ana rubuta sunansa sai maganarsa ta canza.

Za su iya ce maka a ba ka takardar da za ka ɗauki wani kaya a madadin kuɗinka. In kayan ne da aibu kuma dokar inda kake ta ba ka haƙƙin a mayar maka da kuɗi, ba dole ne ka karɓa ba, in ma za ka karɓa ka duba ko tana da ranar ƙarewa.

Na shida, in an cire kuɗi a katinka amma shago ya ce bai gani ba

Wannan na ƙona rai fiye da komai, alat ya shigo an cire, na'ura kuma ta ce ba a biya ba, kashiya na kallonka kamar kai ka haɗa abin. Kar ka sake saka katin sai ka karɓi takardar da ta nuna cinikin bai yi ba. Sau da yawa kuɗin bai ma isa wurin shagon ba, yana rataye tsakanin bankuna, don haka yi musu ihu ba ya dawo da shi. Bankinka za ka kai ƙara da takardar nan da hoton alat. Masu kati irin Visa da Mastercard suna da hanyar janyo kuɗi daga hannun mai shago in an cire ba daidai ba ko ba a ba ka kaya ba, amma akwai wa'adi, kar ka zauna kana jira wata da watanni.

Na bakwai, in duk sun ƙi

Ka koma rubutu. Imel ko wasiƙa zuwa babban ofishinsu, gajere, da hoton rasit da sunan wanda ka yi magana da shi da ranar da kake so a ba ka amsa. In ranar ta wuce shiru, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarku, ka haɗa musu duk takardun nan a jere.

Zancen fallasa su a Facebook ko X kuwa yana aiki ba ƙarya, kamfanoni na tsoron sa, amma ka faɗi abin da ya faru kawai wanda kake da shaidarsa, kar ka sa hoton fuskar ma'aikaciya kar ka kira kowa ɓarawo, don kar kai da aka cuta ka wayi gari kai ake nema da ɓata suna. In sun rubuto sun ce ka turo lambarka a yi magana ta sirri, ka tura, amma kar ka goge rubutun sai kuɗin ya shigo.