Yadda Ake Kai Kalmomin "Juna" Daga Turanci Zuwa Jamusanci

Mai koyon Jamusanci a Samaru ko Kongo da ke Zariya yana da abin da zai sauƙaƙa masa aiki, domin Hausa ta riga ta raba "juna" da "kansu". Kafin ka fara fassara, faɗi jimlar da Hausa a zuci, ka ji wanne ya fito.

In "juna" ne, wato each other ko one another, hanya biyu ce. Akwai einander, wadda siffarta ba ta taɓa canjawa: Sie helfen einander, suna taimakon juna. Ta fi dacewa da rubutu. A baki kuwa sich aka fi ji, ko uns da euch in "mu" ko "ku" ne: Wir treffen uns morgen, gobe za mu haɗu. Matsalar sich ita ce tana ɗaukar ma'ana biyu. Sie loben sich na iya zama suna yabon kansu, ko suna yabon juna. Ƙara gegenseitig ka kawar da shakka: Sie loben sich gegenseitig. Amma kada ka jera sich da einander wuri guda, maimaici ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen ƙananan kalmomi irin su mit, von, an, für da auf. Waɗannan manne su ake yi da einander su zama kalma ɗaya: miteinander, voneinander, füreinander. A nan sich ba ta aiki sam. Sie denken an sich nufinsa kansu kawai suke tunani, masu kewar juna kuwa Sie denken aneinander. Kuma aikatau na Jamusanci ne ke zaɓar ƙaramar kalmar, ba Turancin ba. Jira warten auf ne, don haka Sie warten aufeinander, ko da Turanci ya ce for.

Sai kalmar Turanci mutual, mai rikitarwa. Tambayi kanka: abin yana kaiwa da komowa ne tsakaninsu, ko kuwa tarayya suka yi a kansa? Girmama juna gegenseitiger Respekt ne. Abokin da ku biyu kuka sani kuwa ein gemeinsamer Freund, kuma in ka sa gegenseitig a nan Bajamushe zai yamutsa fuska. A takardar yarjejeniyar ɓangare biyu, kamar ta ajiye aiki, za ka ga im gegenseitigen Einvernehmen ko in beiderseitigem Einvernehmen. Lura da ƙarshen sifar: -en bayan im, -em bayan in.