Yadda Ake Wasan Golf na Faifai a Filin Unguwa

Wasa ne na jifa. Za ka tsaya a wuri guda ka cilla faifan roba zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A garin Pasadena na Amurka aka kafa filinsa na farko a 1975, kuma Ed Headrick ne ya ƙirƙiro kwandon daga baya. Kafin nan turaku ake jifa. Wannan ya sa nake ganin matasanmu na Birnin Kebbi ba sai sun jira an gina musu fili ba, tunda ga dogon yaro ko'ina.

Da farko nemi faifai. Kala uku ne: mai kaifin baki na dogon zango, na matsakaicin zango, da mai kaurin baki na kusa da kwando. Don Allah kada ka fara da mai kaifin baki. Yana son hannu mai sauri, a hannun sabon shiga kuwa sai ya karkace ya faɗi gefe. Mai kaurin baki guda ɗaya ya ishe ka wata da watanni.

Sai fili. In filin makaranta ne, ku nemi izinin shugabanta, ku zaɓi itatuwa 9, tsakanin wurin tsayawa da kowace itaciya kamar taku 60. Ku ɗaura ƙyalle biyu a jikin kowace, ɗaya daidai ƙugu, ɗaya daidai kafaɗa. Faifai ya bugi tsakaninsu, an gama da wannan.

Riƙon shi ne komai. Babban yatsa a sama, sauran huɗun a lanƙwashe ƙarƙashin baki. In da hannun dama kake jifa, juya kafaɗarka ta dama wajen itaciyar, ka miƙa hannu baya, sannan ka jawo faifan ta gaban ƙirji a miƙe, kamar mai jan igiyar janareta. Sake shi a kwance. Yawancin masu koyo sama suke cillawa, iska ta ɗauke shi. Na-hannun-dama ya sani faifansa zai karkata hagu in ya kusa sauka, don haka ya ɗan auna dama. Saurin da faifan ya fita da shi daga hannu ne ke kai shi nesa, juyawarsa kuma ke daidaita shi a iska.

Inda ya faɗi, daga nan za ka sake jifa, kuma wanda ya fi nisa da itaciya shi ke fara yi. In ya tsallake katanga, a ƙara maka jifa ɗaya a lissafi.

Bayan la'asar ya fi daɗi. Da hunturu kuwa, ka riƙa yin ƙasa-ƙasa da jifa saboda iska. Kuma kada faifai ya bar hannunka in akwai yaro, mai talla ko dabba a gabanka, domin robar tana da tauri, tana fasa goshi.