Yadda kamfanin injiniyoyi a Damagaram zai toshe hanyoyin kutse zuwa injinan da yake kula da su

A buɗe akwatin sarrafa injina na wata tashar tura ruwa ko na wata ƙaramar masana'anta, a duba ciki da kyau. Ga otomat, wato na'urar PLC mai ba famfo da injina umarni, ga layin fiyus, ga ƙurar hunturu ta kwanta kan komai. A can gefe, sau da yawa, akwai ƙaramin modem mai katin waya a ciki, fitilarsa koriya tana ƙiftawa. Wanda ya haɗa akwatin ne ya sa shi don ya riƙa gyara daga nesa ba sai ya yi tafiyar kilomita tamanin ba. An gama kwangila, an biya, an manta da modem ɗin, shi kuwa yana nan a kunne dare da rana.

Kamfanonin injiniyoyi na nan ba manya ba ne: mutum goma, mutum ashirin, masu haɗa wutar masana'antu, famfunan hasken rana, injinan janareta, wasu kuma suna samun ƙananan ayyuka a wurare irin matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Mai kamfani yakan ce wa zai damu da ni, me nake da shi? Abin da yake da shi shi ne mabuɗin gidan wani. Laftof ɗin ma'aikacinsa tana shiga inda baƙo ba ya shiga, ana jona ta kai tsaye da otomat. A 2013 an sace bayanan katin banki na mutane wajen miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin sun bi ta asusun wani ƙaramin kamfani ne mai kula musu da na'urorin sanyaya wuri. Ɓarawo yana haura katanga mafi gajarta ne.

A fara da ƙidaya, da ƙafa

Kafin a sayi wani kayan tsaro, a san abin da ake da shi. A ɗauki littafi a zagaya kowane wurin aiki, akwati bayan akwati. Kowace na'ura mai ramin wayar rezo ko katin waya a ba ta layi guda: sunanta, kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, lambar manhajar cikinta, adireshinta na IP, wato lambarta a kan rezo, wanda ya san lambar sirrinta, da inda kwafin tsarinta yake. Har da allon sarrafawa, da na'urar sauya gudun injin, da inbata ta hasken rana, da kyamarori.

Kada a yi wannan ƙidaya da manhajar binciken rezo irin Nmap alhali injina na aiki. Tsofaffin otomat ba su jure ruwan tambayoyi, wasu sukan daskare, famfo ya tsaya ana tsakiyar aiki. Ido da fitilar hannu sun fi aminci a nan. Ranar da aka gama, galibi za a tarar da abu biyu ko uku da babu wanda ya tuna da su, kuma daga su za a fara gyara.

Laftof da kile

Nan ne matsalar ta fi kauri, don haka nan za a daɗe. Laftof ɗin da ake shirya otomat da ita ta zama ta wannan aiki kawai. Ba a buɗe saƙon imel da ita, ba a kallon ƙwallo, ba a ba yaro ya yi wasa da ita da dare. Idan kamfani ba ya da halin sayen laftof biyu ga kowane ma'aikaci, to a ware guda ɗaya ko biyu na shantiye, a ajiye su a biro, mai ɗauka ya sa hannu a littafi. A rufe faifanta da BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, domin in an sace ta a tasha, tsare-tsaren masana'antar mutane ba su faɗa hannun kowa ba. Asusun da ake aiki da shi kullum kada ya zama na mai cikakken iko, a ajiye wannan sai lokacin girka manhaja.

Manhajar sata ita ce babbar ƙofa. Lasisin TIA Portal, manhajar shirya otomat ta kamfanin Siemens, yana da tsada, kowa ya sani, shi ya sa kwafin da aka fasa yake yawo daga hannu zuwa hannu. Amma wanda ya fasa manhaja ya raba ta kyauta yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki. Haka ma ƴan manhajojin da ake talla a intanet cewa suna buɗe otomat ɗin da aka manta lambar sirrinsa. A 2022 kamfanin tsaro na Dragos ya binciki irin wannan manhaja, ya tarar tana fito da lambar sirrin da gaske, amma a lokaci guda tana dasa ƙwayar cutar Sality a kwamfutar injiniyan. In lambar sirri ta ɓace, a nemi wanda ya haɗa akwatin ko wakilin kamfanin da ya ƙera na'urar. Kuɗin lasisi kuwa a sa shi cikin farashin kwangila tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin waya da na sufuri.

Sai kile na USB. Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010, ta lalata injinan tace yuraniyom na Natanz a Iran ta hanyar sauya umarnin otomat na Siemens, wurin da ba ya haɗe da intanet, kuma an ƙera ta ne ta iya yaɗuwa ta kile. A nan ba a bukatar wata ƙasa ta yi wa mutum tarko, shagon buga takardu ya isa. Kile ɗin da aka kai aka buga takardar farashi da safe, shi ne ake cusa wa kwamfutar sarrafawa da yamma. Maganin ba shi da tsada: a sayi kile uku ko huɗu na shantiye, a shafa musu jan fenti, kada su taɓa shiga wata kwamfuta sai ta aiki. A ajiye tsohuwar kwamfuta guda a biro mai riga-kafin da ake sabuntawa kullum, duk fayil ɗin da zai shiga shantiye ya bi ta kanta. Cajin waya a ramin USB na kwamfutar sarrafawa shi ma a hana, domin waya ma'ajiyar fayil ce. Mai gadin dare yana bukatar caji, gaskiya ne, to a sa masa soket nasa a bango, a toshe ramukan kwamfutar.

Modem ɗin nan na cikin akwati

Yarukan da otomat ke magana da su tsofaffi ne. Modbus ya fito a 1979, ba ya tambayar wane ne kai: duk wanda ya isa ƙofa mai lamba 502, wato mashigar da na'urar ke karɓar saƙo ta rezo, zai iya rubuta umarni, na'urar ta bi. Ƙofa ta 102 ta Siemens ce, ta 3389 kuma ta shiga Windows daga nesa. Akwai shafin Shodan da aikinsa kenan, zagaya intanet yana jera na'urorin da ƙofofinsu ke buɗe. Saboda haka kada a taɓa buɗe waɗannan ƙofofi kai tsaye a modem. Shiga daga nesa ta kasance ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai kulle a cikin intanet, kowane ma'aikaci da asusunsa, da tabbaci na biyu a wayarsa. A watan Mayun 2021 bututun mai na Colonial a Amurka ya tsaya kwanaki, kamfanin ya biya fansa ta kusan dala miliyan 4.4, kuma an shiga ne da lambar sirrin wani tsohon asusun VPN da ba shi da tabbaci na biyu.

Abin da ya fi dacewa da ƙananan wurare shi ne makunni na hannu. A sa wa modem makunni a ƙofar akwati. In ana son gyara daga nesa, a kira mai kula da tashar ya kunna, a gama ya kashe, ya rubuta lokaci. Manhajojin shiga kwamfuta daga nesa irin TeamViewer ko AnyDesk da aka bari a buɗe da lambar sirri ɗaya shekara da shekaru, a cire su ko a saita su sai wani ya amince daga ciki.

Lambar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta a canza ta ranar girkawa. A watan Nuwamban 2023 an shiga otomat ƙirar Unitronics na wata hukumar ruwa a Aliquippa ta jihar Pensilbaniya, kuma irin waɗannan na'urori suna zuwa ne da lambar 1111. Otomat mai mabuɗin ƙarfe a gaba kuma, a mayar da shi kan RUN, wato matsayin gudanar da aiki kawai, bayan an gama gyara, a zare mabuɗin. A harin Triton na 2017 kan wata masana'antar sinadaran mai a Saudiyya, an taɓa na'urar kariya ta Triconex ne alhali mabuɗinta yana kan matsayin karɓar sabon tsari.

Rezon biro da na injina kada su haɗu a na'urar rarraba waya guda. In dole bayanai su wuce, kamar adadin ruwan da aka tura, a sa katangar tsaro a tsakani, a rufe komai, sannan a buɗe hanya ɗaya tak daga wannan adireshi zuwa wancan. Wannan yana da muhimmanci musamman saboda kwamfutocin sarrafawa da yawa har yanzu Windows 7 ne a kansu, wanda Microsoft ta daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Sau da yawa ba a iya sabunta su domin manhajar injin ba ta tafiya a kan sabo. Wadda ba ta sabuntuwa a killace ta.

Kwafin ajiya

Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam kuma a cire daga kwamfuta. Faifan da ke jone kullum manhajar garkuwa da bayanai tana kulle shi tare da sauran. A kwafi tsarin otomat, na allon sarrafawa, saitin na'urar sauya gudu, da zanen wayoyi, a sa kwanan wata a sunan kowane fayil, a sake kwafa duk lokacin da aka taɓa tsarin. Duk wata uku a gwada mayar da ɗaya kan otomat na gwaji, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

A Damagaram wannan kwafi yana ceto ko babu ɗan kutse. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, cikin akwatin ƙarfe ya fi haka, kuran, wato wutar lantarki, kuma yana ɗaukewa yana dawowa. Wasu tsofaffin otomat batiri ne ke riƙe musu tsari: batirin ya mutu ba a lura ba, kuran ya ɗauke, a wayi gari na'urar ba komai a kanta. A rubuta ranar canjin batiri a jikin ƙofar akwati.

Abin da doka da masu ba da kwangila ke nema

Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba. Ga injiniya ma'anarta a fili take: kafin a jona laftof ko a bar modem a wurin abokin ciniki, a samu izini a rubuce, mai faɗin wace na'ura, wane ne zai shiga, zuwa yaushe. Yardar baki ta shugaban tasha ba ta kare kowa ranar da abu ya lalace.

Bayanan mutane kuma suna ƙarƙashin doka mai lamba 2022-59 ta Disamban 2022, hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP ce ke kula da ita. Takardun ma'aikata, kwafin katin ɗan ƙasa, albashi, hotunan kyamara, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta shiga aiki, duk suna ciki. A tuntuɓi hukumar kan abin da ya kamata a bayyana mata, a rage masu iya buɗe waɗannan fayiloli, a daina tura hoton katin ma'aikaci a zauren WhatsApp na shantiye. Lambobin sirri ma haka: zauren da ke da mutum talatin, har da waɗanda suka bar aiki bara, ba ma'aji ba ne.

Manyan masu ba da kwangila suna ambaton ma'auni biyu. ISO 27001 na tsarin kula da tsaron bayanai ne a kamfani baki ɗaya, bugunsa na 2022 yana da matakai 93. IEC 62443 na injinan masana'antu ne, kuma sashensa na 2-4 ya shafi masu haɗawa da masu gyara, wato ku. Ƙaramin kamfani ba sai ya fara da neman takardar shaida ba, tana cin kuɗi da lokaci. Abin da mai bincike ke tambaya shi ne hujja: ina jerin na'urori, ina littafin shiga daga nesa, yaushe aka gwada kwafin ajiya, wa ya rufe asusun wanda ya bar aiki kuma a wace rana. Fayil guda mai waɗannan takardu, da sa hannu da kwanan wata, ya fi kundin manufofi mai shafi ɗari da aka kwafo ba a aiki da shi. A naɗa mutum ɗaya da sunansa ya riƙe fayil ɗin.

Ranar da abu ya faru

In allo ya nuna saƙon neman fansa, ko linzamin kwamfuta ya fara motsi da kansa, ko bawul ya buɗe ba wanda ya taɓa, lafiyar mutane ce farko: a mayar da injina kan sarrafa hannu ko a tsayar da su yadda ƙa'idar wurin ta ce. Kamfanin alminiyom na Norsk Hydro a Nowe da hannu ya ci gaba da aiki a wasu masana'antunsa lokacin harin Maris na 2019, ya ƙi biyan fansa, ya dawo daga kwafinsa. A zare wayar rezo, a kashe modem, amma kada a goge kwamfutar, kada a sake girka Windows cikin gaggawa, domin hujja tana ciki. A ɗauki hoton allo da waya, a rubuta lokacin kowane abu. A kira abokin ciniki a ranar, ko da ana jin kunya, saboda laftof ɗin da ta kamu wataƙila ta shiga wurare uku a makon nan. A canza lambobin sirri daga wata na'ura mai tsabta. Lambobin wayar da za a kira a irin wannan rana a buga su a takarda, a manna a cikin ƙofar akwati, kusa da ranar canjin batiri.